Yadda ake tuƙa kwale-kwale da filafili, tun daga lodi har ƙetare kogi

Ni a bakin kogin Kwara na tashi, can ƙasar Yawuri, inda yaro kan iya riƙe filafili kafin ya iya hawa keke. Da kwale-kwale muke zuwa gonar shinkafa a gungu, wato tsibiri, da shi ake kai kifi da albasa kasuwa, da shi ake ɗebo itace da ciyawar dabbobi. Idan naƙuda ta kama mace a ƙauyen tsallake, shi ne motar asibiti. Jiragen inji sun yi yawa yanzu, amma ba su kori filafili ba, domin ba kullum ake da kuɗin mai ba, kuma akwai lungunan da ciyawa ba ta barin inji ya shiga.

Bayanin nan na ƙaramin kwale-kwale ne, mai ɗaukar mutum uku zuwa shida. Sharaɗi ɗaya zan kafa maka tun yanzu: ka fara koyon iyo, kuma makonnin farko kada ka fita sai da wanda ya san ruwan wurin. Karatu zai rage maka kurakurai, amma hannu sai a cikin ruwa yake faɗawa.

Kayan da za ka tanada

Kwale-kwalen kansa iri biyu ne a wajenmu. Akwai sassaƙaƙƙe, wanda aka fafe daga gungumen itace ɗaya, irin maɗaci ko kawo. Yana da ƙarko, amma cikinsa a zagaye yake, saboda haka yana da saurin juyawa. Akwai kuma na katako, wanda kafinta ya haɗa da ƙusa, mai shimfiɗaɗɗen ciki. Manyan itatuwa sun yi wuya, shi ya sa na katakon ya fi yawa a yau. Ga mai koyo ma shi ya fi, don ya fi zama daram a kan ruwa.

Sai filafili guda biyu, ɗaya a hannu ɗaya a ajiye. Idan ka tsayar da shi a ƙasa, ya kai maka wajen ƙirji ko haɓa. Ka shafa hannu a jikinsa, in ka ji tsaga ko sartse, ka nemi wani. Sai gwangwala doguwa, kamar gaba biyu zuwa biyu da rabi, wadda ake tokare ƙasa da ita a wurin da ba zurfi. In babu gwangwala, gora mai kauri ko miƙaƙƙen reshen turare da ya bushe zai yi, sai dai ya fi nauyi.

Sai abin kwashe ruwa. Da ƙwarya muka saba, amma jarkar lita huɗu da aka yanke wa gindi aka bar mariƙinta ta fi ƙwarya, tana shiga kusurwa kuma ba ta fashewa. Ka ɗaure ta da siririyar igiya a jikin jirgi, don ranar da ka fi bukatarta ita ce ranar da za ta bi ruwa. Sai igiya mai ƙarfi a goshin jirgi, kamar gaba uku, da wuƙa, da tsumma, da tocila.

Na ƙarshe rigar kariya, wadda wasu ke kira rigar ruwa. Na san abin da mutanenmu ke cewa, wai a ruwa aka haife su. To, ruwa kan ci gwani. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya ta wajabta sa ta, kuma a nan ina bayanta ɗari bisa ɗari. Idan ba ka samu ba tukuna, ka sa jarkoki biyu na lita ashirin da biyar, babu komai a ciki, a rufe gam, da igiya a mariƙinsu. Jarka ba ta kai riga ba, domin wanda ya suma ba ya riƙe komai, amma ta fi hannu banza.

1. Duba jirgi tun yana gaɓa

Ka kwashe ruwan da ya kwana a ciki tas, ka goge da tsumma, ka dakata kamar minti biyar kana kallo. Kowane jirgin katako yana ɗan tsattsafo, wannan ba komai. Abin tsoro shi ne ka ga ruwa yana bulbulowa ta mahaɗar katako, ko ka danna wani wuri da babban yatsa ka ji ya yi laushi. Laushi ruɓa ce.

Ƙaramar kafa ana toshe ta da tsumma ko auduga, a cusa da bakin wuƙa ko kurfi, sannan a bi da narkakkiyar kwalta idan katakon ya bushe. In babu kwalta, wasu na jiƙa farin soson da ke zuwa a kwalin firij cikin ɗan fetur har ya zama danƙo su shafa. Yana kamawa, amma a yi shi nesa da wuta da mai shan taba. Tsaga mai tsawo kuwa sai an ɗora mata faci na kwano da ƙananan ƙusoshi, da tsumma mai kwalta a ƙarƙashi. Idan ta wuce taƙi ɗaya, ka kai wa kafinta, kada ka yi ƙarambani.

2. Duba sama da ruwa

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma iskar da ke gabansa ta fi ruwan saman haɗari. Farkon damina idan ka ga gabas ta haɗe, ka haƙura da tafiyar ko da kasuwa za ta watse. Da hunturu kuma hazo ne matsala: kana tsakiyar ruwa sai tsallake ya ɓace maka, ga iska da ke ƙaruwa da hantsi. Shi ya sa sammako ya fi, bayan gari ya waye sosai. Tafiyar dare kuwa hukuma ta hana, hankali ma ya hana.

Ka kuma san lokacin ruwanka. Kwara a wajenmu sau biyu take cika. Akwai farin ruwa na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka da gudu, yana tafe da itatuwa da tarkace. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Nijar, ba ya isowa sai cikin sanyi. Wannan ya fi tsabta da natsuwa. Mai koyo ya guji farin ruwa. Sannan tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwa na nan a ƙasa, suna bayyana ko su ɓuya gwargwadon hawa da saukar ruwa. Wanda ya san inda suke shi ne masuncin wurin. Ka gaishe shi da ladabi ka tambaya. In garin na da Sarkin Ruwa, ka fara kai masa gaisuwa.

3. Lodi

Nan zan daɗe, domin yawancin jiragen da suka kife tun a gaɓa aka kifar da su.

Ka tura jirgi har ya tashi a kan ruwa kafin ka fara zuba kaya. Idan ka yi lodi gindinsa na kan yashi, ba za ka san nauyin da ya ɗauka ba sai ka shiga zurfi. Ka shimfiɗa 'yan sanduna ko guntayen katako a ƙasa don kada buhu ya sha ruwa. Mafi nauyi a tsakiya, a kwance, a ƙasa. Marar nauyi a sama. Kada tulin kaya ya wuce bakin jirgi da yawa, kuma ka bar gurbi a gabanka inda ruwa zai taru ka riƙa kwashewa. Na sha ganin wanda ya cika ko'ina da buhuna, ruwa na shiga, ga abin kwashewa a hannu amma babu inda zai zura shi.

Idan ka gama, ka ja baya ka dubi jirgin. Bai kamata ya karkata ko ɗaya gefe ba. Goshi ya ɗan fi baya tashi kaɗan. Sai ka auna daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi a tsakiya: taƙi guda cikakke shi ne mafi ƙaranci a ruwa mai kwanciya, bayan kowa ya zauna. In akwai iska ko jiragen inji na kai da kawowa, ka ƙara. Abin da ya gaza haka, a sauke wani abu, a yi sawu biyu.

Za a roƙe ka. Wata za ta ce, "Haba ɗana, ni kaɗai ce, ga rana na faɗuwa." Wani zai ce buhu ɗaya ne tak. Amsar da kawuna ya koya mini ita ce, "Inna, ki yi haƙuri, yanzu zan dawo in ɗauke ki." Kuma ka dawo ɗin. Mutanen Bagwai a jihar Kano ba za su manta da ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a ruwan madatsar Watari da fasinjoji, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A watan Mayun shekarar ma an yi babban rashi kusa da Wara a jihar Kebbi. Duka biyun an yi ta maganar yawan lodi. Allah ya jiƙansu.

Akuya da tunkiya a ɗaure musu ƙafafu a kwantar. Babur a kashe shi, a rufe mai, a sa shi a tsakiya mai shi ya riƙe, ko a kwantar da shi a kan buhu. Saniya ba ta shiga ƙaramin jirgi. Masu ƙetarar da shanu suna sa su iyo a gefe ne da igiya a hannu, kuma wannan ba aikin sabon shiga ba ne. Ko ka ƙware, kada ka taɓa ɗaure igiyar dabba mai iyo a jikin jirgi ko a hannunka.

4. Shiga da zama

Kai za ka riƙe jirgi, mutane su shiga ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya taka tsakiyar ciki, ba baki ba, ya sunkuya yana dafe da gefe biyu har ya zauna. Yara a tsakiya a ƙasa, kusa da babba. Ka faɗa musu tun kafin a tashi: ba mai miƙewa, ba mai leƙawa ya ɗebi ruwa, in jirgi ya yi tangaɗi kowa ya zauna inda yake. Abin da ke kifar da jirgi sau da yawa ba igiyar ruwan ba ce, mutanen da suka ruga gefe ɗaya don gudunta ne.

Kai ne na ƙarshe. Ka tura, ka ɗora ƙafa ɗaya a tsakiya, ka jawo ɗayar, ka zauna a can baya. Mu dai ba ma tashi sai mun ce Bismillahi majreha wa mursaha, addu'ar da Annabi Nuhu ya yi, tana cikin suratu Hud. In kai kaɗai ne babu kaya, goshi zai ɗaga sama iska ta riƙa wasa da shi. Ka sa dutse ko jarka cike da ruwa a gaba, ko ka matso kusa da tsakiya.

5. Riƙon filafili da bugun farko

In za ka tuƙa ta dama, hannun hagu ya kama kan filafili daga sama, na dama ya riƙe ƙasa, kamar taƙi ɗaya ko biyu sama da faffaɗan bakin. Ka miƙa gaba gwargwadon yadda za ka iya ba tare da ka tashi daga mazauninka ba, ka nutsa bakin duka a ruwa, ka ja shi baya dab da jikin jirgi, ka fitar idan ya zo daidai ƙugunka.

Kurakurai uku ne kowane sabo ke yi. Yana tsoma rabin baki kawai, sai fantsama ba tafiya. Yana ja da damtse zalla, kafin rabin sa'a ya gaji, alhali da kafaɗa da baya ake tuƙi, jiki na ɗan murɗawa tare da kowane bugu. Sannan yana buɗa filafili nesa da jirgi, wanda juyawa yake sa shi ba tafiya ba. Gwanin matuƙi ba ka jin ƙarar filafilinsa sosai.

6. Miƙar da jirgi

Wannan ne ke ba mutane kunya ranar farko. Kana bugu ta dama, goshi na tafiya hagu. Ka koma hagu, ya tafi dama. Ni ma ranar da aka fara sakar mini jirgi sai da na yi ta zagaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke, mata masu wanki a gaɓa suna ta dariya.

Hanya mai sauƙi ita ce sauya gefe: uku ta dama, uku ta hagu. Tana kai ka, amma tana jiƙa fasinja kuma tana cin ƙarfi. Hanyar masu sana'a ita ce ka tsaya gefe ɗaya. Idan bugu ya zo ƙarshe wajen ƙugu, kada ka fitar nan da nan. Ka murɗa filafili har bakinsa ya tsaya a kan kaifinsa, yana bin tsawon jirgi, sannan ka ɗan tura shi waje. Wannan 'yar turawar ce ke dawo da goshi kan hanya. Kaɗan ake yi. In ka yi da yawa ka taka wa kanka burki.

Kada ka kalli filafili. Ka zaɓi wata bishiya ko wani rufin kwano a can gaba, ka sa goshin jirgi a kai. Da ya fara kaucewa ka gyara, tun kafin ya yi nisa.

Juyawa hagu: ka buɗa bugu mai faɗi ta dama, daga goshi zuwa baya kamar kana shara. Juyawa dama da sauri: ka nutsa filafili ta dama a bayanka ka tura ruwa gaba. Tsayawa: ka nutsa shi a tsaye ka riƙe gam, sannan ka yi bugun baya ta kowane gefe. In kana son jirgi ya matsa a gicciye zuwa gaɓa ko jikin wani jirgi, ka miƙa filafili gefe ka jawo ruwa zuwa gare ka, amma ka fitar kafin ya shige ƙarƙashi. Idan ku biyu ne, na gaba ƙarfi ne nasa, na baya shi ke da hanya, kuma kowa da gefensa.

7. Aiki da gwangwala

A ruwan da bai wuce ƙirji ba, ko cikin ciyawa da kainuwa, gwangwala ta fi filafili sauri nesa ba kusa ba. Mutanen Hadeja da Nguru da ke fama da kacala sun san haka. Ka tsaya a baya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan sake. Ka saki gwangwala ta faɗa ƙasa dab da gefen jirgi, ka jingina ta baya, ka tura kana bin ta da hannu har ƙarshe. Idan ka ja ta a ruwa a bayanka, ita ce za ta gyara maka hanya.

In ta kafe a laka, ka murɗa ta kafin ka ja. In ta ƙi, ka sake ta. Wanda ya ce sai ya ƙwato ta, jirgi zai tafi ya bar shi rataye. Dalilin ajiye filafili a kusa ke nan, da shi za ka koma ka ciro ta.

8. Ƙetare ruwa mai gudu

Idan ka nufi mashayar tsallake kai tsaye, ruwa zai sauke ka can ƙasa da ita. Don haka ka fara haurawa ta bakin gaɓa, inda ruwa ba shi da ƙarfi, har ka wuce daidai inda kake so da tazara. Sannan ka shiga, goshi na kallon sama da tsallake a karkace. Ruwa na tura ka ƙasa, kai kana turawa gaba, sai ku haɗu a mashaya. Gwargwadon gudun ruwa, gwargwadon yadda za ka ƙara haurawa. Gara ka sauka sama da wurin ka gangaro a huce, da ka sauka ƙasa ka yi ta kokawa da kaya.

A tsakiya kada ka daina bugu. Jirgin da ke tafiya yana jin magana, wanda ya tsaya na ruwa ne. Ka riƙa karanta fuskar ruwa: inda ya rabu biyu kamar bakin kibiya, akwai kututture ko dutse a ƙasa. Inda yake murɗawa yana zagaye, gurbi ne, ka kewaye. Itacen da ya faɗo daga gaɓa rassansa na cikin ruwa, ka ba shi tazara sosai, ruwa na ratsa shi amma jirgi da mutum ba sa ratsawa. Ka kuma lura da 'yan robobi da ke yawo a jere, alamar kalli ce, wato ragar kamun kifi, ko mamari, wato igiya mai jerin ƙugiyoyi, kada ka yanke wa masunci abincinsa.

Idan jirgin inji ya wuce, kada igiyar ruwan da ya tayar ta same ka a gefe. Ka juya goshi ka tare ta a ɗan karkace, ka rage gudu, ta wuce ta ƙarƙashi. Dorina kuwa, in an ce tana wani wuri, ka canja hanya. Masunta kan ƙwanƙwasa gefen jirgi don ta ɗago su ga inda take. Mai ɗa ba a kusantarta ko kaɗan.

9. In ruwa ya shiga, ko jirgi ya kife

Ka sa mutum ɗaya ya yi ta kwashewa, kai ka nufi gaɓa mafi kusa, ba wadda ka yi niyya ba. In ruwan ya fi ƙarfin kwashewa, a zubar da kaya, mai nauyi tukuna. Buhun shinkafa ana noma wani.

Idan ya kife, kowa ya kama jikin jirgi. Katako ba ya saurin nutsewa idan kaya sun zube, kuma daga nesa an fi hango jirgi a kan kan mutum. Ka kasance ta gefensa da ruwa ke fitowa, don kada ya matse ka da dutse ko itace. Ka ƙirga mutanenka. Wanda ya rabu da jirgi, ka jefa masa jarka ko ka miƙa masa gwangwala. Kada ka tunkare shi gaba da gaba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kai ma zai danne ka. In dole sai ka je, ta baya. A wurin da ƙafa ke taɓa ƙasa, a birkice jirgin, a riƙa tura shi gaba da baya ruwan na fita ta goshi da gindi, a ƙarasa da jarka.

10. Sauka da ajiya

Ka zo gaɓa a hankali, goshi na fuskantar inda ruwa ke fitowa. Na gaba ya fara sauka ya riƙe igiya, saura su bi ɗaya ɗaya, kai a ƙarshe. Ka ɗaure a turke ko saiwa mai ƙarfi, ka bar wa igiya sarari, domin ruwan da ke bayan madatsa yana iya hawa ko sauka kafin safiya.

Ka kwashe ruwa, ka wanke laka da ƙaiƙayin kifi. Rana ita ce babbar abokiyar gabar katako: jirgin da aka jawo tudu aka bari mako biyu zai tsattsage, mahaɗansa su buɗe. In za ka daɗe ba ka yi aiki da shi ba, ka bar shi a ruwa a inuwa, ko ka cika shi da ruwa ya zauna a wuri marar zurfi. Wanda ya riga ya bushe, a jiƙa shi kwana biyu ko uku katako ya kumbura kafin a ɗora masa kaya. Filafili da gwangwala kuma ka tafi da su gida, don in ka bar su a ciki, yaran unguwa za su tafi yawo da jirgin kafin ka idar da sallar la'asar.